Ranar da Na Ƙirga Geron Baba

Ina aji ɗaya a jami'a a Wudil, malaminmu na lissafi yana da wata maganar Turanci da ba ta barin bakinsa: "do the math". Ya ce ana faɗa wa mutum ita ne idan amsa ta fito fili amma mai magana ba ya son furta ta. Wato ga lambobi nan, ka haɗa da kanka. Ni kuma da shegen rawar kai na kwashe ta na kai gida Utai.

A shekarar nan ruwa ya kwanta a gonarmu. A gidanmu Baba kaɗai ke leƙa rumbu, kuma duk wanda ya tambaye shi amsa ɗaya ce: "Akwai albarka." Ba a ƙirga dami a gaban iyali, ba a ƙirga masu ci.

Ni na ƙirga. Na bari ya tafi kasuwa na hau rumbun. Dami sha tara, mu sha huɗu. Na buga a takarda, na ga geron zai ƙare saura mako biyu a yanki sabo. Bayan la'asar, a tsakar gida, gaban Inna da ƙannena, na karanta masa. Har Turancin na yi, na fassara, wai ni mai ilimi. Inna ta sunkuyar da kai.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya dubi takardar da ba ya iya karantawa, ya ce, "To malam, in an cire mutum ɗaya fa?"

Wallahi sai na sake ɗaukar biro. Na ce, "Zai kai, Baba, da ƙyar."

Kwana uku bayan nan ya ɗaure kayansa ya tafi cirani Kudu, shi da ya bar zuwa shekara da shekaru saboda tari. Inna ta roƙe shi, ya ce yaron ya yi lissafi. Ashe ya riga ni sanin abin da ke cikin rumbunsa, shiru kawai yake yi don yara su ci tuwo hankali kwance. Ni na tona shi.

Wata huɗu aka bugo waya. A can aka binne shi.

Geron ya kai mu har sabo ya fito, da ragowar tiya biyu. Lissafina bai yi kuskure ba, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.