Gaisuwar da Na Yanke

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Hadi, abokina kuma ubangidana a aikin talabijin, Allah Ya jiƙansa. Shi ne mai shirin nan da ke zagaya ƙauyukan Wudil yana hira da tsofaffin masu sana'a: maƙera, masunta da mata masu ginin tukwane. Ni ne mai tace hotunan.

Hadi mutum ne mai sauƙin kai, sai a kan abu guda: ba a taɓa masa gaisuwa. Tsoho zai share minti biyar yana ina gajiya, ina iyali, yaya damina, Hadi ya ce a bar shi, a nan ake sanin mutum. Manajan tasharmu kuwa ya ce kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin ba gaisuwa ya zo saya ba, a buɗe masa gurbin tallar sabulu. Ba zan ɓoye ba, bayan manaja na bi. Ina da iyali, kuma ni ma gaisuwar hamma take sa ni. Na fara yankewa ba tare da na gaya masa ba. Ranar da ya gani a akwatin talabijin bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Isa, ashe ka iya almakashi."

Yankan bai ceci komai ba. Bayan wata uku aka soke shirin, aka cike gurbinsa da fim ɗin waje mai fassara. Ɗanyun hotunan aka goge su don a samu wuri, tatattun nawa kaɗai suka rage.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan, da ake kallon komai a waya cikin rabin minti. Ina jin kafin ya gama sallama an wuce shi. Na gaji da wannan tunanin, na kuma gaji da jin ana yabonsa a bakin waɗanda suka sa hannu aka soke shirinsa.

Watan jiya wata mata ta zo daga Lajawa, 'yar wani maƙeri da muka taɓa ɗauka. Mahaifinta ya rasu tana aure a nesa, ba su gana ba. Na kunna mata tataccen hoton hirar da muka yi da shi. Ta kalle shi yana bayanin zuga-zugi da garma har ƙarshe, sannan ta juyo.

"Baba, bai ambaci kowa ba?"

Na tuna sarai. Da Hadi ya ce masa ina iyali, sai da ya lissafo 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Hansai, ya ce rabonsa da ita shekara biyu, Allah Ya yi mata albarka.

Na tambaye ta sunanta, ta ce Hansai. Na gaya mata abin da ya ce, da bakina. Ta yi godiya, ta ce da dai muryarsa ce.

Abin da ya rage na Hadi ke nan a wajena: gaskiyarsa ta fito, ba ya nan balle in ba shi haƙuri.