Kunnen Ragon Alhaji Garba

Ko na tsufa na bar sana'ar nan, ba zan manta da ranar da Alhaji Garba ya kawo mana rago shago ba. Ku da kuka zo koyo bana ba ku san tsohon shagonmu na bakin kasuwar Illela ba. Mu uku ne a ciki: Malam Shehu mai shago, Nasiru mai ɗaukar hoto, sai ni mai gyara a kwamfuta. Bokona bai wuce firamare ba, da kallo na koyi aiki. Kuma kun san ni, daga shago sai gida, ko Ƙwanni da ke nan kusa sai an ja ni nake zuwa.

A lokacin, aikin da ake yayi shi ne hoton da ke fitowa daga firam. Ga yadda ake yinsa. Ka ninka hoton ya zama biyu, ka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Ka zana firam a tsakiya, ka ɗan karkata shi. Sai ka goge duk abin da ke wajen firam ɗin, ka bar abin da kake so ya leƙo, ko hannu ne ko kan doki. Daga ƙarshe ka sa masa 'yar inuwa a ƙasa. Mai kallo sai ya ga kamar abin zai taɓa shi.

Ana gab da Babbar Sallah Alhaji Garba ya zo. Babban dillalin dabbobi ne, kuma ginin shagonmu nasa ne. Ragon da ya kawo balami ne fari, ƙahonsa ya naɗe har sau biyu. Wani attajiri a Ibadan ke son sa don layya, ya ce a turo masa hoto ta waya kafin a ɗora ragon a mota. Nasiru ya ɗauka a ƙofar shago, na zauna na fara aiki, Alhaji na tsaye bisa kaina yana taunar goro.

Na fito da hanci, na fito da ƙahon dama, na sa inuwa. Alhaji ya ce, "Madalla! Wanga yaro hannunka da albarka."

Da na ƙara girman hoton don in bi gefen ƙahon hagu, sai na ga kunnen. Fiye da rabinsa babu, ya warke tuni, kamar kare ne ya taɓa cizge shi. Hannuna ya tsaya bisa linzamin kwamfuta.

Alhaji ya nuna da ɗan yatsa. "Wanga kunne, ka bar shi bayan katakon firam. Ƙaho kaɗai za ka hiddo."

Na ce, "Alhaji, na layya ne fa."

"Mi ka ce?"

Ba wanda bai san hukuncin ba a cikinmu, har shi Alhajin. Dabbar da kunnenta ya yanke haka ba ta isar wa mutum layya. Kuma aikin ba wuya: in ja firam ɗin ƙasa kaɗan ya rufe kunnen, in fito da ƙahon ta samansa. Ko ni da na yi ba zan gane ba.

Malam Shehu ya taso daga kujerarsa ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni a hankali, "Sani, ba ka iyawa ne?"

Da na ce ban iya ba, da an wuce wurin, sai a ce yaro ne ya kasa. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Iyawa na iya, Malam. Sai dai mutumin zai yanka shi ranar Sallah yana ganin ya yi ibada."

Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Shehu, ashe limami ka ɗauka aiki? Ina rawaninsa? To ka ji. Ko wanga yaro ya yi abin da na ce, ko ka sallame shi ka samo mai yi. In duka biyun sun yi maka nauyi, bayan Sallah ka ba ni makullin shagona."

Matata na da tsohon ciki a lokacin, kuma ban san wata sana'a ba. Na fara tunanin inda zan ce mata na nufa gobe da safe. Nasiru ya sunkuyar da kai yana ta goge kyamarar da ba ta da datti. A waje ragon ya yi kuka.

Malam Shehu ya gyara hularsa. Ya ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri. Kai uba ne a wurinmu. A kawo wani ragon, mu yi maka hoton da ba a taɓa gani ba, kyauta. Amma kowane hoto ya fita daga nan, sunan shagona na ƙasansa."

"Maganarka ke nan?"

"Ita ke nan, ranka ya daɗe."

Alhaji ya tofar da goronsa a bakin ƙofa, ya sa aka ja ragon. Ko ya sami mai yi masa a wani wuri, ban sani ba, ban kuma bincika ba.

Bai janye maganarsa ba. Bayan Sallah muka kwashe kaya zuwa wannan ɗan shagon na hanyar Gidan Katta, inda ciniki bai kai rabin na da ba. Ina ta jira Malam ya ce ni na jawo mana, ko da wasa. Ranar tashi, an ɗora kaya a kura, ina rungume da kwamfuta, abin da ya ce kawai shi ne, "Riƙe ta da kyau, hanyar da gargada."

Abin da na koya ke nan. Fito da hannu ko ƙaho daga firam, cikin wata ɗaya za ku iya. Wanda zai ce ku ɓoye masa wani abu a bayan firam ɗin kuma, yana nan zuwa, kuma ba baƙo ba ne, wanda kuke jin kunyarsa ne. Ranar da ya zo, Allah ya sa maigidan da ke tsaye a bayanku irin Malam Shehu ne.