Neman Yaya Hamidu a Gidajen Gahawar Jidda

Mun tashi da asuba daga Gusau, ni da maƙwabcina da muka biya kujerar Makka tare, a motar da za ta kai mu filin jirgi na Kano. Inna ta rako ni har bakin zaure tana laluben bango, don idonta ya daɗe da tafiya. Ba ta ce in sayo mata komai ba. Cewa ta yi in na sauke farali, in nemo mata Hamidu.

Yaya Hamidu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar gida ina ƙarami, ya bi hanyar gabas ta garin Lami da ƙasar Sudan, yana tafe yana ƙwadago. Da fari alhazai kan kawo mana gaisuwarsa da ɗan dabino. Daga baya sai shiru. Labarin ƙarshe da muka samu shi ne an gan shi a Jidda yana aiki a gidan gahawa. Wane gida, wace unguwa, ba wanda ya sani.

Aikin Hajji ya tafi lafiya. Bayan ziyarar Madina aka kwaso mu zuwa masaukin alhazai na filin jirgin Jidda, aka ce mu jira. Wanda ya taɓa zama wurin ya san irin jiran, ba a faɗa maka ranar tashi. Sai dai ka ji lasifika ta kira garinku, ka ruga da kaya wurin awo, wanda ba ya nan kuwa jirgi ba ya jiransa. Fasfo yana hannun wakili, ɗan katin alhaji kaɗai ke aljihuna. Maƙwabcina ya ce in je, zai zauna kan kayanmu, amma in aka kira Gusau ba shi da yadda zai yi da ni.

Wani mai tsire a bakin masaukin ya haɗa ni da ɗan ƙanwarsa, direban tasi, jikan Katsinawa amma haihuwar Jidda. Hausarsa rabi Larabci ce, kuma kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce yalla, wato mu je. Ya ce gidajen gahawa a Jidda ba sa ƙirguwa, amma waɗanda Takari ke zama, wato mutanenmu mazauna can, ya san su.

Muka fara da Ammariyya, tsohuwar unguwa mai lunguna da dogayen gidaje masu tagogin katako. A garin nan ba gidan giya, ko sunanta ba a ambata. Gahawa ita ce mashaya, ita ce majalisa, ita ce kuma masaukin wanda ba shi da ɗaki. Rumfa ce mai faɗi, an jera dogayen gadaje na igiya, masu tsawon da in ka hau ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. Maza na kishingiɗe suna zuƙar shisha, wasu na buga domino da ƙarfi kamar suna faɗa da teburin, rediyo na ta kuka a kan kanta. Abin dariya, sunan wurin gahawa, amma shayi aka fi sha. A 'yar buta ake kawo shi, baƙi, da na'ana'a da sukari kamar zuma, kuɗinsa bai kai na ruwan sanyin masauki ba.

Direban ya gargaɗe ni cewa ba a shiga da tambaya. Sai ka zauna, ka sha, a tambaye ka garinku, sannan ka kawo maganarka. Haka muka yi ta yi, mu fita nan mu shiga can. Kafin azahar cikina ya zama tulu saboda shayi. Filin jirgin yana cikin gari, don haka duk jirgin da ya tashi ta kanmu yake bi, har kofuna su yi ƙara. Kowanne ya wuce sai in ce shi ke nan, namu ne.

Ana karɓar mu da fara'a, amma da na ambaci Hamidu sai fuskoki su rufe. Wani ya ce bai taɓa ji ba tun ban gama faɗin sunan ba. A mota direban ya bayyana mini cewa bayan Hajji ake kamen marasa iƙama, takardar zama, kuma ba wanda zai nuna ɗan'uwansa ga baƙon da bai sani ba. Na koma masauki da yamma hannu rabbana. Ba a kira mu ba, amma an kira Sakkwato, kuma an ce mu ne a bayansu.

Washegari ni da direban muka karya da wake da gurasar tamis mai zafi, muka nufi Bani Malik. Unguwa ce mai cunkoso, gidajen bulo da na kwano a cakuɗe, Yamalawa da Sudanawa da namu duk a wuri ɗaya. Muna zaune a wata gahawa, an kawo buta ke nan, sai ga motar 'yan sanda ta tsaya a bakin rumfar. Ban ga lokacin da mutane suka fita ba. Gadaje suka zama wayam, shisha na hayaƙi ba mai zuƙa, takalma a warwatse. Ni ma na so in gudu, ban san inda zan nufa ba. Na dafe aljihun da katina yake ina karanta duk abin da ya zo bakina. 'Yan sandan suka sha shayinsu a tsaye, suka biya, suka tafi.

Wani dattijo da bai motsa ba, Bahaushen Sudan mai ɗinkin katifa, ya daɗe yana kallona yana murmushi. Ya ce wanda gwamnati ta aiko ba ya jiƙa riga da gumi haka. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce bai san Hamidu ba, don a nan ba a kiran magidanci da sunansa, amma akwai wani Bazamfare mai dafa shayi a Khumra, ana ce masa Abu Habiba, wato uban Habiba. Habiba sunan Inna ne.

Khumra tana kudu, can bayan gari. Kwalta ta ƙare, muka shiga hanyar manyan motoci, ga ɗakunan ajiyar kaya, ga fili fari fat da gishiri, ga warin teku. Tasi ɗin ta yi zafi, muka tsaya ta huce, ina kallon rana tana sauka. Gahawar ta direbobi ce, rumfar kwano da katakon akwatuna. A bayan murhun gawayi na hango wani mutum mai furfura yana jera butoci. Fuskar ban gane ta ba, sai da ya juya na ga tsagen gidanmu.

Na yi sallama, na ce, "Yaya, Auta ne."

Ya ajiye butar a hankali, ya dube ni har na tsargu. Sannan ya rungume ni, yana magana da Larabci, yana komawa Hausa. Da muka zauna ya ce Allah ya jiƙan Inna, ya tambaya ko ta sha jinya kafin ta cika.

Na ce, "Inna tana nan da ranta, Yaya. Ita ta aiko ni."

Ashe shekarun baya wani alhaji ya gaya masa tsohuwar gidanmu ta rasu. Gwaggo ce ta rasu, yayar babanmu. Shi kuwa Yaya ya ɗauka Inna ce, ya yi kuka, ya yi sadaka, ya sa wa 'yarsa sunanta, ya daina aike don yana ganin ba sauran wanda ke jiransa. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da rawaninsa.

Na roƙe shi mu tafi tare. Ya ce ba shi da fasfo, ba shi da iƙama. In ya miƙa kansa za a mai da shi gida, amma ba zai sake shigowa ba, ga mata ga 'ya'ya. Mai gahawar, wani Bayamale, ya sauko da rediyonsa mai kaset, ya sa sabon kaset, ya kashe hirar wurin. Yaya ya shiga bayan rumfa da shi, ya daɗe. Ban ji abin da ya faɗa ba. Da ya fito ya ba ni kaset ɗin, ya ce in kai wa Inna.

Gidansa ban samu zuwa ba, Habiba ban gan ta ba, direban na ta yalla yalla. Muka iso masauki na tarar an kira Gusau tun la'asar, maƙwabcina ya ja kayanmu shi kaɗai har bakin sikeli, yana ta barin mutane suna wuce shi. Bai yi mini magana ba sai da jirgi ya daidaita a sama.

A gida na ari rediyo, na sa wa Inna kaset ɗin. Ta kafa kunne har ya ƙare ba ta motsa ba. Sannan ta ce, "Muryar babanku ce. Ashe Hamidu ya tsufa." Ta ce a mayar daga farko.

Tafiyar nan ta koya mini cewa shirun wanda ke nesa ba kullum mantuwa ba ce, kuma labarin mutuwa ba a ɗaukarsa a kai wa mutum sai an tabbatar da sunan mamacin. Rediyon dai har yau ban mayar wa mai shi ba, Inna ta hana.