Kwaɗo Biyu a Mangazar Hatsi

Shekarar da fara ta cinye gero, ina malamin lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Dogarawa, ni kaɗai, ba mata ba dangi. Abokin hirata rediyo ne, shi ma in batir ya yarda.

Da hatsin taimako ya iso, mutanen gari suka ce ni zan riƙe makullin mangaza, ɗakin da aka ajiye shi. Na ji daɗi, wallahi. Sai liman, wani tsoho mai ƙarancin magana, ya zo da kwaɗo na biyu ya maƙala, ya jefa makullin a aljihunsa.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, ɓarawo kuka ɗauke ni?"

Ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "A'a, Mushe. Allah ya halicci ɗan Adam da son gaskiya, amma ya yi shi mai rauni, mai mantuwa. Don haka ko maigari, ko shugaban ƙasa, ba a barinai shi ɗai da ƙohwa."

Na ce a raina, ji wa'azin da ba wanda ya tambaya! Sati biyu ban bi shi salla ba. A ɗaki nake yi, ina jin kabbararsu ta katanga.

Da damina ta yi nisa, wani direba ya kawo mini saƙo daga gida: mahaifiyata ta koma cin tafasa, ba ko ƙwayar gero a rumbu. Albashi bai zo ba. Ba ni da wanda zan faɗa wa.

Da rana tsaka, kowa yana gona, na je mangaza. Buhu ɗaya kawai, na ce wa kaina, kuma zan mayar. Na buɗe kwaɗona. Na kama na liman na ja, na sake ja da ƙarfi. Kaico! Ni da na yi fushi. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro.

Bayan la'asar na sami liman a ƙofar masallaci, na faɗa masa duka, kaina a sunkuye. Ya daɗe yana jan carbi.

Ya ce, "Gobe mu tara mutane, ka roƙa ma tsohuwa a bainar jama'a. In sun ba ka, halal ne."

Na miƙe zan tafi, sai ya riƙe mini hannu, bai dube ni ba.

"Ɗiyata na da goyo, nono ya ƙahe. Ni ma ran Talata na buɗe nawa, Mushe. Naka ya tsai da ni."