Malam Garba Mai Hoton Ƙwallo, Mahaifina

Ina durƙushe a bakin layin tsere, a filin wata makarantar 'yan mata da ke Wusasa, kiran Yaya Aminu ya shigo. Ya ce Baba ya cika, in taho gida. Na yi salati, amma sai na ji kamar wata ce take yi. Aka busa usur, yara suka taso a guje, hannuna ya ɗaga kyamara ya ɗauka. Har yau ban buɗe hotunan nan ba.

A Ƙofar Kuyambana kowa ya san shi da Malam Garba mai hoto, sai dai bai cika zuwa biki ko suna ba. Filin ƙwallo da dandalin kokawa su ne wuraren aikinsa. A tsakar gida ya fara koya mini, da zakaran Inna. Yakan kora shi, ni kuma in bi shi da kyamara, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ƙugu na juyawa, kuma ko na danna ba zan tsaya ba. Da Baffa, wansa, ya ce wannan ba aikin mace ba ne, Baba bai yi masa musu ba. Washegari shi ya riƙe mini jaka har filin Kufena.

Ba mai yawan magana ba ne. Yakan ce in sa rana a bayana, in durƙusa don ɗan wasa ya fito da girmansa, in bar ido biyu a buɗe, ɗaya a kyamara, ɗaya a fili. "Kar ki bi ƙwallo, Hadiza," in ji shi. "Je ki jira ta inda za ta zo."

Wata rana wani ɗan wasa ya karye a gabanmu, yana birgima yana ihu. Masu waya suka yi caa a kansa. Baba ya ajiye kyamara a ƙasa, ya baza rigarsa ya kare shi har aka kawo mota. A hanyar gida na tambaye shi dalili, ya ce, "Yaron nan yana da uwa."

Da hannunsa ya fara rawa, sai ya koma zama a benci bayan raga, ni ina gefensa. In ya ce "yanzu", in danna. Da wuya ya kuskure.

Tsofaffin 'yan wasa sun cika zaure wajen ta'aziyya, wasu da furfura. Ina jin muryoyinsu daga ɗakin Inna, ina amsa gaisuwar mata, hawaye dai sun ƙi zuwa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Yadda ya suturta ɗan wani, Allah Ya suturta shi ranar tsayuwa. Ya ba Inna haƙurin zama a ɗakin nan ba shi, Ya haɗa kanmu a bayansa. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.