Layin da ke Cikin Ƙwan Inna

Bodinga

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gidan malamai, jakata babu komai sai madubin ƙara girman abu da ɗan faranti na ɗakin kimiyya. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, su kaɗai suka rage mana a makaranta. Ƙanwata Hajo zan je gani. Ta haifi ɗa da ɓaraka a gadon baya, ya kwana huɗu ya koma, ita kuma ta ɗora wa kanta laifi, wai dakan da ta yi da tsohon ciki ne ya tsaga shi. Wata biyu ba ta cin abincin kirki.

Bas ta tashi shida da kwata, naira ɗaya. Direba ya ga yadda na rungume jaka.

"Malam, mi kaka riƙo haka awa jinjiri?"

"Madubi."

"To Allah shi sa ka ga abin da kaka nema."

Shagari

Bakwai saura muka wuce shingen 'yan sanda, ba su ko leƙo ba. Na sha kunu da ƙosai a tasha, na hau a-kori-kura ta Kajiji, tsakanin buhunan albasa. Hawayen da na yi a hanya ba duka na albasa ba ne.

Ƙauyenmu

Tara da rabi na yi sallama. Na roƙi Inna ƙwai ɗaya daga ƙarƙashin kazarta da ta fara kwanci shekaranjiya. Ta dube ni kamar na nemi a yanka saniya.

"Karatun naka har ya kai ga ƙwan kwanci, Bello?"

"Don Hajo ne, Inna."

Ta je ta ɗauko shi da hannunta.

Na fasa shi a hankali cikin faranti, a hasken bakin ƙofa, na miƙa wa Hajo madubi. A kan gwaiduwar akwai wani siririn layi, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Na ce mata shi ne farkon gadon baya. Kifi da kwaɗo da kaza da mutum duk da wannan layin suke farawa, kuma umarnin da ke sa shi ya naɗe ya rufe daɗaɗɗe ne, yana cikin ƙwayar halitta. A jikin mutum yakan gama rufewa cikin watan farko.

"Watan fari?" ta ce. "Sa'annan ni ban ma san da shi ba."

"Ba ki sani ba. Kafin ki ɗauki taɓarya da tsohon ciki, abin ya riga ya faru."

"Ashe ba ni nik kashe shi ba, Yaya?"

"Ba ke ba ce."

Ta daɗe tana kallon layin, sannan ta yi kukan da Inna ta ce ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Da azahar ta ci tuwo, ta hana a zubar da ƙwan a juji, ta binne shi gindin zogale.

Komawa

Uku da rabi Hajo ta rako ni har zaure.

"Da ya kai suna," ta ce, "naka nika so a sa mai."

Na yi mata sallama, na kama hanya. Ana kiran magariba na sauka Bodinga lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Inna da kazarta, kuma ina roƙon rahama ga takwarana.