Muna Jiran Ƙyanda Ta Fito

Shekarun baya can, kafin babbar yunwar nan ta farkon saba'in, ina da ɗiya ɗaya a ƙauyenmu kusa da Gabi. 'Yar fari ce, shekararta biyu, tana hannun mahaifiyata tun da aka yaye ta.

Da mura abin ya fara. Hanci na zuba, kwana biyu ido ya yi jawur, sai tari ya sauka wuya. Mahaifiyata ta ce, "Ƙyanda ce. A rufe ɗaki, kar ruwa ya taɓa ta. Kar wanda ya kai min ita allura, sai ta kore ciwon ya koma ciki. In ta fito, an tsira."

Kullum da safe sai a ɗaga rigarta ana neman ƙuraje. Ni kuwa daga bakin ƙofa ina jin numfashinta ya canza, ƙirjin na faɗawa yana tashi. Wallahi na ji! Amma wace marar kunya za ta buɗe baki gaban manya a kan ɗan fari? Sai na koma ga turmina, wai ni mai tarbiyya.

Ranar da ƙurajen suka feso, maƙwabta har barka suka shigo yi. Washegari ta kasa shan ko nonon shanu. Sai a lokacin aka ɗaura amalanke zuwa gidan likita a Madarunfa.

Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ɗora kunne a bayanta, ya daɗe. Ya ce, "Inna, ciwon ga ta hanci yake shiga. Ya fi kwana goma yana yawo cikin jiki kafin ku gan shi a fata. Ku kuna duban baya, shi ya riga ya ci ƙirji. Ba wanda ya ji numfashin nan?"

Na sunkuyar da kai. Kafin la'asar yarinyar ta cika, a cinyar mahaifiyata.

An ce in yi haƙuri, kwananta ne ya ƙare, kuma na yarda. Ban riƙe mahaifiyata a zuci ba, abin da ta tarar ke nan. Kaina ne na kasa yafe wa, kuma tsufa bai rage komai ba. Ko kuka ban yi a gaban mutane ba, har aka riƙa yaba min. Ɗiyata ta zo duniya ta koma, ko sau ɗaya ba ta ji na kira sunanta ba.